Yaƙin da Ba a Binne Kowa: Tarihin Wasan Yaƙi Daga Teburin Yashi Zuwa Kwamfuta

Maƙeri a maƙera yake koyon ƙira. In ya ƙona ƙarfe maigida ya yi masa faɗa, a sake zuga wuta, gobe a ɗora daga inda aka tsaya. Haka ɗan koyon ɗinki, haka ɗan koyon tuƙi. Hafsan soja kuwa yana iya yin shekara 30 cikin kaki bai taɓa jan runduna zuwa fagen fama ba, ranar da aka ce ya ja kuma, kuskurensa na farko da rayukan mutane ake biya. Shi ya sa sarakuna da manyan mayaƙa suka daɗe suna neman yaƙin da za a gwabza a tashi ba a binne kowa ba. Rubutaccen tarihin wannan nema ya haura shekara 200. Wanda ya bi shi daki-daki zai ga kayan wasan suna ta sauyawa, daga yashi zuwa taswira zuwa kwamfuta, rigimar kuwa tana nan inda take tun farko: wa zai yanke hukuncin abin da ya faru a wasan, kuma manya za su karɓi hukuncin idan bai yi musu daɗi ba?

Masu son jan zaren da nisa sukan fara daga Indiya. Abin da aka tabbatar shi ne, wajen ƙarni na 6 akwai wasan allo a can mai suna chaturanga, kalmar da ke nufin rassa huɗu na rundunar zamanin: dakarun ƙasa, mahaya dawaki, giwaye da karusai. Daga nan ya shiga Farisa, Larabawa suka ɗauka suka kira shi shaɗaranj, ya bi ta Andalus ya isa Turai. Ana ba da labari wai wani masani ne ya ƙirƙiro shi don sarkinsa, da aka ce ya faɗi ladansa sai ya nemi ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, a yi ta ninkawa har gida na 64, rumbunan ƙasar suka kasa biya. Wannan hikaya ce, ba ta da madogara a tarihi. Shaɗaranj, kamar darar da ake bugawa a gindin bishiya a garuruwanmu, yana wasa ƙwaƙwalwa, sai dai bai yi kama da yaƙi ba. Kowa yana kallon gidajen abokin karawarsa, kayan kowa daidai da na ɗan'uwansa, babu ruwa babu laka, babu manzon da ya ɓata a hanya.

A 1780 wani malamin lissafi a fadar Braunschweig ta ƙasar Jamus, Johann Hellwig, ya yi ƙoƙarin gyara wannan. Ya faɗaɗa allon zuwa gida 1,617, ya shafa wa gidajen launi don su nuna dutse, kogi, daji da gari, ya kuma sa igwa da dawaki a madadin kayan shaɗaranj. Ya yi kyau a ido, amma har yanzu runduna tana tafiya ne gida-gida kamar 'ya'yan dara.

Abin da ya haifi wasan yaƙi na ainihi shi ne kashin da masarautar Purusiya ta sha. Ranar 14 ga Oktoban 1806 sojojin Napoliyon suka tarwatsa rundunarta a Jena da Auerstedt, cikin makonni biyu Faransawa suka shiga Balin. Ƙasar da take taƙama da sojanta ta wayi gari ba ta da shi. Masu neman gyara, irin su Janar Scharnhorst, suka ce tunda ba za a iya dogaro da Allah ya ba su haziƙi irin Napoliyon ba, to a kafa tsarin da zai horar da hafsoshi masu matsakaicin basira su riƙa tunani tare. Cikin wannan yanayi ne wani ma'aikacin gwamnati, Georg Leopold von Reisswitz, ya watsar da allo mai gidaje, ya zuba yashi a kan tebur ya gina tuddai da kwaruruwa, ya yanka katakai su zama rundunoni, ana auna tafiyarsu da ma'auni. A 1811 ya nuna wa 'ya'yan sarki, su kuma suka kai labari ga mahaifinsu, Friedrich Wilhelm na III. Reisswitz ya ga bai dace ya shiga fada da tulin yashi ba, sai ya ɗauki kusan shekara guda yana haɗa wani teburin katako mai aljihuna, da guntayen ƙasa na farar laka da ake jerawa yadda aka ga dama. A 1812 ya miƙa wa sarki.

Ɗansa ne ya mai da abin kayan aikin soja. Ƙaramin Reisswitz laftanar ne a rundunar igwa, ya kuma ga yaƙi da idonsa. A 1824 ya fitar da dokokin abin da Jamusawa ke kira Kriegsspiel, wato wasan yaƙi, ya shigo da abubuwan da har yau suke raye cikin manhajojin soja. Ana wasan a kan taswira ta gaskiya, mai ma'aunin 1:8,000. Kowane zagaye daidai yake da minti biyu na fagen fama. Ɓangare ɗaya ja ne, ɗayan shuɗi, kuma daga nan ne sojojin ƙasashe da yawa suka gaji kiran kansu shuɗi, abokin gaba ja. Akwai jadawalin ɓarnar da igwa ko bindiga za ta yi daga nisa kaza, ana kuma jefa ɗan lido don a ba sa'a nata kason, domin harbi iri ɗaya ba kullum yake kisa iri ɗaya ba. Mafi girma duka shi ne alƙali. 'Yan wasa ba sa taɓa katakan. Umarni suke rubutawa su miƙa masa, shi ke motsa rundunoni, shi kaɗai ya san inda kowa yake, ba ya kuma gaya maka sai abin da masu leƙen asirinka za su iya hangowa, a lokacin da saƙon zai iya iso maka. Ta haka duhun da janar ke ciki a ranar yaƙi ya shigo ɗakin karatu.

An ce da aka kai wasan gaban babban hafsan hafsoshi, Janar von Müffling, da farko fuska ya tsuke, amma da aka yi nisa sai ya ce wannan ai ya wuce wasa, horon yaƙi ne. Abin da ke rubuce shi ne ya yaba masa a mujallar soja, aka kuma ba da umarni kowace runduna ta mallaki nata. Ƙarshen mai ƙirƙirar bai yi kyau ba. An mai da shi wani sansani a Torgau, nesa da Balin, ana cewa hassadar abokan aiki ce ta jawo, a 1827 kuma ya kashe kansa.

Cikin matasan hafsoshin da suka kamu da son wasan har da Helmuth von Moltke, wanda ya zama babban hafsan hafsoshi a 1857. A ƙarƙashinsa Purusiya ta doke Ostiriya a 1866, ta doke Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871. Duniya ta shiga tambayar sirrin, wasu suka ce teburin wasan ne. A ganina an zuzuta. Jirgin ƙasa, saurin tara soja da igwogin ƙarfe na kamfanin Krupp sun yi aiki mai yawa. Amma gaskiya ne hafsoshin da suka saba rubuta umarni a taƙaice, suka saba yanke shawara da rabin labari, sun fi waɗanda ba su saba ba. Ingila ta fitar da nata dokokin a 1872 ta hannun wani hafsa mai suna Evelyn Baring, wanda daga baya ya zama Lod Cromer, mai juya akalar Masar a madadin Birtaniya. Rasha, Japan da Amurka duk suka bi sahu.

A 1876 aka samu rabuwar kai da ba ta warke ba har yau. Hafsoshi sun gaji da jadawali da lissafi, wasan awa ɗaya yana cin yini. Wani babban hafsa, Verdy du Vernois, ya ce a ajiye ɗan lido da jadawali, a bar gogaggen alƙali ya yanke hukunci da saninsa. Wasa ya yi sauri, ya kuma ƙara armashi. Sai dai jadawali, duk da nawarsa, ba ya sanin girman kowa. Alƙali kuwa mutum ne, yana da maigida, yana jiran ƙarin girma, wani lokaci ma shi ne janar ɗin da ya tsara shirin da ake gwadawa.

Kwalejin Yaƙi ta sojan ruwan Amurka da ke Newport, wadda aka kafa a 1884, ta nuna amfanin da abin ke yi idan aka riƙe gaskiya. Wani tsohon hafsa, William McCarty Little, ya shigar da wasan cikin karatun kwalejin tun daga 1887. Tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu an buga wasanni sama da 300 a can, da ƙananan jiragen kwaikwayo a daɓen zaure, da yawansu kan yaƙi da Japan. Shirin farko shi ne a kwashi jirage a ruga ƙetaren tekun Fasifik a ceto Filifin. Wasa bayan wasa yana nuna cewa jiragen za su isa a galabaice, ba mai, ba wurin gyara. A hankali aka koma shirin cin tsibiri ɗaya bayan ɗaya, wanda shi aka bi daga baya. A 1960 Adimiral Nimitz, wanda ya jagoranci yaƙin a teku, ya shaida wa ɗaliban kwalejin cewa an buga yaƙin nan ta hanyoyi da yawa a zaurensu har babu abin da ya zo musu da bazata, in ban da matuƙa 'yan ƙunar baƙin wake na ƙarshen yaƙin.

Japan ma ta buga nata, kuma nata ma ya faɗa mata gaskiya. A watan Agustan 1941 wata cibiyar nazarin yaƙi a Tokyo ta tara matasan jami'ai daga soja, ma'aikatu da kamfanoni, suka kafa gwamnatin kwaikwayo, suka lissafa mai, ƙarfe da jiragen dako. Sakamakonsu: za a yi nasara a farko, yaƙi zai yi tsawo, Japan za ta faɗi. Ministan yaƙi Tojo ya saurara ya ce wannan aikin tebur ne, yaƙi na gaske yana zuwa da abin da ba a zata ba. Bayan wata huɗu Japan ta kai wa Amurka hari a Pearl Harbor.

Wasan da ya fi shahara shi ne na farkon watan Mayun 1942, a cikin katafaren jirgin yaƙi Yamato, inda aka gwada shirin kai hari tsibirin Midway. Adimiral Ugaki ne shugaban zaman. Bisa ruwayar Fuchida, wani hafsan da ya rubuta littafi bayan yaƙi, alƙali ya jefa ɗan lido ya ce bama-bamai tara sun sami jiragen Japan masu dakon jiragen sama, Akagi da Kaga sun nutse. Ugaki ya ce a mai da tara uku, Akagi ya tsira, can gaba kuma aka ga Kaga ya taso daga ƙasan teku ya koma aiki. Masana tarihi na baya-bayan nan sun kama Fuchida da ƙarin gishiri a wurare da dama, sun kuma lura cewa irin jiragen da alƙali ya ce sun yi ɓarnar, masu sakin bam daga can sama, ba su sami komai ba a ranar yaƙin. Ke nan Ugaki yana da 'yar hujja. Babban laifin yana wani wurin. Hafsan da ke riƙe da ɓangaren Amurka ya fito da jiragensa ta gefe, tun kafin lokacin da shirin ya tanada, aka ce masa Amurkawa ba za su yi haka ba, ya janye. Ranar 4 ga Yuni Amurkawa suka fito ta gefen, Japan ta rasa Akagi, Kaga, Soryu da Hiryu.

A daidai wannan shekara, a wani bene a Libaful, Kyaftin Gilbert Roberts na sojan ruwan Birtaniya yana aiki da alli da zare a daɓe. Jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suna ta nutsar da ayarin jiragen abinci da mai. Ma'aikatansa yawanci 'yan mata ne na rundunar matan sojan ruwa, wasu ba su kai shekara 20 ba. Suka riƙa karɓar rahoton waɗanda suka tsira suna sake zana kowane hari a ƙasa, har suka gano cewa maharan ba daga waje suke harbi ba: cikin dare suke sulalowa ta bayan ayari a saman ruwa, su yi harbi daga tsakiya, su nutse su bar ayarin ya wuce ta kansu. Daga nan aka ƙirƙiro dabarun kama su. Kyaftin-kyaftin na jiragen rakiya sukan tsaya bayan labule suna leƙen daɓen ta wata 'yar kafa, don kada su ga fiye da abin da za su gani a teku, 'yan matan kuma suna riƙe da ɓangaren Jamus. Kafin ƙarshen yaƙi hafsoshi kusan 5,000 sun bi ta ɗakin.

Zuwa nan duk horon kai ne. Horon hannu da ido ta wata hanya ya biyo. A 1929 Edwin Link, wanda mahaifinsa ke da masana'antar kayan kiɗa masu aiki da iska a Binghamton ta Amurka, ya ɗebi zugazugan masana'antar ya haɗa wani akwati mai kujerar matuƙi, yana karkata yana juyawa in an taɓa sitiyari. Da farko wuraren shaƙatawa ne suka saya don yara. A 1934 aka ba sojan saman Amurka jigilar wasiƙu, cikin 'yan makonni matuƙa kusan 12 suka mutu, da yawa saboda ba su iya tuƙi cikin hazo da duhu ba. Sai soja suka sayi akwati shida. A yaƙin duniya na biyu an ƙera sama da 10,000, matuƙa fiye da 500,000 suka koyi tuƙi da na'urorin gaban jirgi a cikinsu. Neman na'urar koyon tuƙi da ta fi wannan ne ya sa sojan ruwa suka ɗauki nauyin wani aiki a jami'ar MIT a 1944, aikin da ya rikiɗe ya zama Whirlwind, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko masu ba da amsa nan take. Wato kwamfuta da kwaikwayon yaƙi tare suka yi rarrafe.

A zamanin yaƙin cacar baka, alƙali ya fara ƙaura zuwa cikin na'ura. Yaƙin nukiliya ba a atisayensa a fili, don haka cibiyoyi irin su RAND ta Kalifoniya suka duƙufa kan lissafi. Kwamfuta tana ƙirga tankoki da igwogi cikin ƙiftawar ido, amma ba ta ga abin da ba a ba ta lambarsa ba: tsoro, yunwa, ƙiyayyar talakawa, taurin kan shugaba. A 1964 ma'aikatar tsaron Amurka ta buga wasanni biyu masu suna Sigma kan Biyetnam, da manyan jami'ai a kan tebur, mutane ne kuma alƙalan. Sakamakon ya nuna ruwan bama-bamai ba zai durƙusar da Biyetnam ta Arewa ba. A 1965 aka fara ruwan bama-baman. Sojoji suna da wani barkwanci a kan wannan zamani, wai a 1969 an zuba wa kwamfutar ma'aikatar tsaro duk alƙaluman yaƙin aka tambaye ta yaushe za a ci nasara, ta ce ai kun ci tun 1964. Almara ce, amma ta san inda ta dosa. Abin da ba almara ba shi ne na ranar 9 ga Nuwamban 1979, lokacin da aka sa faifan atisaye cikin kwamfutar cibiyar tsaron sararin samaniyar Amurka bisa kuskure, allo ya nuna makamai masu linzami na Tarayyar Sobiyet suna tafe, har jiragen yaƙi suka tashi kafin a gane cewa wasa ne.

Kunyar Biyetnam ta sa Amurka ta sake salon horo. Sojan sama suka fara atisayen Red Flag a hamadar Nebada a 1975, sojan ƙasa suka buɗe babban filin horo a Fort Irwin a farkon shekarun 1980, inda bindigogi ke harba hasken leza, rigar wanda aka samu ta ɗauki ƙara. Gardamar ni na fara harbinka ta ƙare. Akwai kuma runduna ta musamman mai taka rawar abokin gaba, wadda aikinta shi ne ta lallasa baƙi, bayan haka a zauna kowa ya faɗi kuskurensa, kanar da kofur.

Wani hafsan sojan sama, Jack Thorpe, ya lura da wani giɓi. Na'urorin koyon tuƙin jirgin yaƙi sun yi tsada har wata takan fi jirgin kansa kuɗi, kuma kowace tana koyar da mutum ɗaya shi kaɗai, alhali yaƙi aikin gayya ne. A 1983, a hukumar binciken tsaro ta DARPA, ya fara aikin SIMNET. Dabararsa ita ce a haƙura da kamala. A yi akwatin tanka mai araha, hotonsa ko bai yi kyau ba, in dai abin da ma'aikatan tanka ke buƙata yana ciki, sannan a haɗa ɗaruruwa ta waya su shiga fili guda. Don kada layin ya cushe, kowace na'ura tana ɗauke da taswirar filin, tana kuma hasashen inda sauran za su kasance, ba a aika saƙo sai wani ya juya ko ya yi harbi. Wasannin intanet da matasa ke bugawa a yau sun gaji wannan dabara. Zuwa 1990 akwai na'urori sama da 200 a sansanoni a Amurka da Jamus.

A watan Yulin 1990 Janar Schwarzkopf na Amurka ya gudanar da atisayen kwamfuta mai suna Internal Look, wanda ya ƙaddara cewa Iraƙi ta kutsa kudu zuwa yankin Gulf. Shi da kansa ya ba da labarin cewa rahotannin gaske da ke shigowa sun yi kama da na wasan har sai da aka riƙa buga wa na wasan hatimi. Ranar 2 ga Agusta Iraƙi ta mamaye Kuwaiti. Duk da haka, hasashe da yawa na kafin yaƙin ƙwato Kuwaiti sun ce Amurka za ta rasa dubbai, waɗanda suka mutu a fagen fama kuwa ba su kai 150 ba. Lissafi ya ƙirga tankokin Saddam, shugaban Iraƙi, daidai, bai auna halin waɗanda ke cikinsu ba. Ranar 26 ga Fabrairun 1991, cikin guguwar rairayi, Kyaftin H. R. McMaster da tankoki tara suka ci karo da dakarun tsaron jamhuriya na Iraƙi a wani wuri da ba shi da suna sai lambar layin taswira, 73 Easting. Cikin minti 23 suka ƙona tankoki 28 ba su rasa ko ɗaya ba. Bayan yaƙi DARPA ta tura mutane suka bi sawun tankokin a rairayi, suka auna wayoyin makaman da aka harba, suka saurari faifan rediyo, suka sake gina karon duka cikin SIMNET. A da wasa ke share wa yaƙi fage, yanzu yaƙi ya koma kayan wasa.

Daga nan kasuwa ta sha gaban soja. Tun 1980 sojan ƙasa suka nemi kamfanin Atari ya mai da wasansa na tanka, Battlezone, na'urar horo, amma abin bai yi nisa ba. A 1996 wasu sojojin kundunbala na ruwa suka gyara wasan Doom II, suka cire dodanni suka sa abokan gaba da ramuka, mutum huɗu su koyi tafiya tare da sauraron umarni. Kwamandansu, Janar Krulak, ya ba da izinin amfani da irin waɗannan wasanni. Ranar 4 ga Yulin 2002 sojan ƙasa suka saki America's Army kyauta ga duniya. Wannan tallar ɗaukar kurata ne. Sai ka gama horon kwaikwayo kafin a bar ka ka shiga faɗa, in ka harbi ɗan ɓangarenka ka tsinci kanka a kurkukun soja, kowace ƙungiya kuma tana ganin kanta a matsayin Amurka, ɗayar ce 'yan ta'adda. Ya yi shekara 20 kafin a rufe shi a 2022. Wanda ya zama kayan horo na gaske shi ne VBS, da aka gina a kan wani wasan kamfanin Bohemia Interactive na ƙasar Cek, sojojin ƙasashe da dama kuma suka koyi rakiyar ayarin motoci da kauce wa bama-baman gefen hanya a cikinsa.

A wannan shekara ta 2002 aka yi Millennium Challenge, atisayen da ya ci dala miliyan 250, da mutum 13,500, wani ɓangare a fili wani a kwamfuta. An ba Laftanar Janar Paul Van Riper mai ritaya ɓangaren ja, wata ƙasa a yankin Gulf da ba a ambaci sunanta ba. Ya san shuɗi na sauraron rediyonsa, sai ya koma aika saƙo ta 'yan babur, yana tada jirage da alamar fitila. Bai jira a far masa ba, ya saki makamai masu linzami da ƙananan kwale-kwale a lokaci guda. Kwamfuta ta ce jiragen ruwan yaƙi 16 sun nutse, har da mai dakon jiragen sama. Aka dakatar da wasa, aka taso da jiragen, aka ce wa ja ya kunna na'urorin hangen jiragensa don a same su, kada kuma ya harbi jiragen da ke sauke sojoji. Van Riper ya ajiye jagorancin ja. Masu shirya atisayen suna da uzurinsu: dubban sojoji na jiran nasu kason a fili, ba za a sallame su a rana ta biyu ba, manhajar kuma ta jibge jiragen kusa da gaɓa fiye da yadda za a yi a zahiri. Uzurin yana da ƙarfi, kamar yadda na Ugaki yake da shi shekara 60 kafin nan. A watan Maris na 2003 aka shiga Iraƙi, rundunar Saddam ta watse cikin makonni uku, aka kuma shafe shekaru ana fama da mutanen da ba sa yaƙi yadda aka tsara musu.

Shekarun baya-bayan nan sun zo da nasu. A watan Agustan 2020 wata manhaja mai koyo da kanta ta kara da gogaggen matuƙin jirgin yaƙi F-16 cikin na'urar kwaikwayo ta cinye shi sau biyar ba ko ɗaya, ko da yake a wasan an ba ta cikakken sanin inda yake, abin da sararin sama ba ya ba kowa. A 2021 sojan ƙasan Amurka suka ƙulla yarjejeniyar da za ta iya kai dala biliyan 22 da Microsoft kan tabarau mai nuna taswira da abokan gaba na kwaikwayo, sojojin da suka gwada kuma suka koka da ciwon kai da tashin zuciya. Hotunan wasan Arma 3 sun yi kama da gaske har ana yaɗa su a Facebook da sunan bidiyon yaƙi, kamfanin da kansa ya fito yana koya wa mutane yadda za su bambance. A Yukiren, masu sarrafa ƙananan jirage marasa matuƙi suna fara koyo ne a manhajojin da aka yi don 'yan tseren nishaɗi, kuma a wannan fanni tazarar wasa da aiki ta kusa ɓacewa, domin allo da madannin hannu kusan iri ɗaya ne.

A farkon 2023, a sansanin Amurka da ke Wiesbaden ta Jamus, hafsoshin Yukiren da na ƙawayensu suka zauna a kan taswirori suna buga farmakin da za a kai wa Rasha a kudu, ana son a kai ga birnin Melitopol. A watan Yuni aka fara. Motocin yaƙi suka faɗa cikin filayen nakiya masu faɗin kilomitoci, jirage marasa matuƙi na kallon duk abin da ya motsa. Zuwa ƙarshen Agusta an kai ƙauyen Robotyne, nan kuma aka cije. A watan Nuwamba babban kwamandan Yukiren na lokacin, Janar Zaluzhny, ya shaida wa mujallar The Economist cewa bisa littattafan NATO da lissafin da suka yi, wata huɗu ya isa a kai Kirimiya, a yi yaƙi a can, a dawo, a kuma sake komawa.